An Aike Ta Sayen Ashana

Mijin ƙanwata ɗan fim ne. Tun ranar da ya fara zuwa gidanmu na faɗa wa mahaifinmu a bincika mutumin nan, domin ana gaisawa da shi yana haɗa yatsu huɗu yana leƙen fuskar tsoho ta tsakaninsu. Ba wanda ya saurare ni. Ni tela ne, kuma a gidanmu ba a neman shawarata sai wando ya yage.

Abokan sana'arsa Darakta suke ce masa. Mu a unguwa Kar-a-Taɓa muke kiran sa, har da yaran da ba su san dalili ba. Dogo ne siriri, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in ya kafe a kan abu gara ka je ka lallashi bango.

Basira kam yana da ita, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ya rasa shi ne duk sauran abubuwan da ake yin fim da su. Ya taɓa sa mutum ɗaya ya fito ɓarawo kuma ɗan sanda, bawan Allah ya yini yana bin kansa da gudu a lungu, yana canza hula a bayan tankin ruwa. Ya taɓa ɗaukar tseren mota da motar wani bakanike wadda ba inji a cikinta: mu huɗu muna jijjiga ta daga baya, ƙanwata kuma tana wucewa ta gefen taga a guje riƙe da reshen bishiya, don mai kallo ya ɗauka tafiya ake yi. Asibitin da ke cikin duk finafinansa shagona ne. Ni ne likita, tef ɗin awo a wuya, majinyaci kwance a teburin yanka. Akwai fim ɗin da ana tsakiyar ceton rai wani kwastomana ya shigo, kuma har yau in ka kalla za ka ga mutum yana tambayar likita ko an gama masa wandonsa.

Kasuwa ma ba ta taɓa tsayawa ta jira shi ba. Lokacin da ya ƙware a kaset, an koma faifai. Ya lallaɓa ya kai faifai, ya tarar mutane sun koma kallo a waya. Da ɗaukar biki yake ciyar da gida, da buɗe sabon shago, da tallar maganin basir. Duk wannan bai ɗauke shi a bakin komai ba, yakan ce aikin jira ne. Fim ɗinsa na gaskiya guda ɗaya ne, wanda ya ce shi zai sa a san da shi, kuma ya gama ɗaukar komai nasa sai fitowa ɗaya, ta ƙarshe.

A falon gidansu aka shirya ta. Mahaifiyarsa, Inna, ita ce kaka a fim ɗin, 'yarsa kuma ita ce jika. Yarinyar tana da shekara shida a lokacin, sunan Inna aka sa mata, don haka Inna na ce mata Takwara, uban kuma yana ce mata Uwata. Abin ba wuya. Inna na zaune a kujera mai hannu kusa da taga, hasken hantsi a kafaɗarta, sai ta ce, "Takwara, je ki sayo min ashana, kada ki daɗe." Yarinya ta fita cikin koriyar riga mai furanni rawaya, ɗinkina. Ta dawo nan da nan, Inna ta ce, "Har kin dawo?" Shi ke nan fim ya ƙare.

An ɗauki inda Inna ta aike ta, an ɗauki fitarta. Amma Darakta ba ya son ƙarya a aikinsa, shi da ya sa ni likita. Ya ce sai dai yarinyar ta je kanti da gaske ta sayo ashanar gaske. A hanya ta haɗu da motar tallar sabulu mai lasifika tana rabon balan-balan, ta bi ta. Sai wajen la'asar aka ga ta dawo, takalmi ƙafa ɗaya, balan-balan a hannun hagu, ashana a na dama. Rana ta riga ta bar tagar.

Washegari aka tashi da hadari. Kafin gari ya washe mai kyamara ya zo ya karɓi kayarsa, don ta haya ce. Kafin a sake samo ta, haƙoran yarinyar na gaba sun zube.

Akwai wata ƙa'ida ta 'yan fim da suke kira kwantiniti. Ya yi mana bayaninta har muka haddace: in mutum ya fita daga ɗaki a fim, duk ranar da za a ɗauki dawowarsa dole a tarar da komai yadda ya bar shi, labule, kofi, inuwar taga, rigar jikinsa, haƙoran bakinsa. Sauran daraktoci sukan kiyaye wannan kwana biyu ko mako guda. Namu ya ce a jira haƙora.

Ana cikin jiran haƙora Inna ta kwanta, kuma ba ta tashi ba. Na yi kuka sosai, domin tsohuwar nan ita kaɗai ce ke zagin mu duka daidai wa daida. Bayan an watse daga zaman makoki, ƙanwata ta shiga falo za ta ɗauke kofin Inna daga kan ɗan teburin da ke gefen kujerar. Sai ya riƙe mata hannu a hankali.

"Kar a taɓa," in ji shi. "Ɓangaren Inna na riga na ɗauka. Shigowar yarinya kawai ta rage."

Muka ɗauka zafin rashi ne, zai wuce. Daga nan ya samo sunansa.

Ya cire batirin agogon bango ya tsayar da shi inda yake ranar ɗauka. Ya zagaye ƙafafun kujeru da alli. Kalanda ta tsaya a watanta. Labule ba a wanke shi, wai zai tsuke. Shara ana yi, amma yana tsaye a kai yana nuna inda tsintsiya za ta bi. Baƙi kuwa a baranda ake sauke su, su zauna a benci suna hango kujeru masu laushi ta taga. Ƙanwata, wadda tun muna yara ba ta iya ganin cokali a karkace ta ƙyale, ita ce ta zauna da wannan shekaru goma sha wani abu.

Ni ma ban tsira ba. Ya je kasuwa ya saye ragowar bandir ɗin koren yadin nan gaba ɗaya ya jibge min a shago. Duk shekara sai a kawo min yarinyar in auna, in ɗinka mata rigar nan dai, wuya iri ɗaya, aljihu iri ɗaya, sai dai girma. Ya kuma sayi tsohuwar kyamarar daga hannun mai ita lokacin da kowa ya daina amfani da irinta, don a cewarsa sabuwa za ta canza launin bango. Batirinta ya mutu, ba a samun irinsa, sai dai a jona ta da lantarki. To in akwai rana ba wuta. In akwai wuta akwai hadari. Ranar da aka samu duka biyu, yarinya na jarrabawa, ko ta karye a hannu, ko kyamarar na wurin mai gyara.

Da tsawonta ya wuce mariƙin ƙofa, sai ya kira magini ya fasa siminti a bakin ƙofar falon, aka haƙa rami daidai inda za ta tsaya, don kanta ya dawo inda yake tana 'yar shida. Ƙasa ba ta fitowa a hoton, saboda haka bai karya ƙa'ida ba. Duk shekara in na ƙara wa riga tsawo, shi kuma ya ƙara wa rami zurfi. An ɗora katako a kai, amma mai karanta mita ya faɗa, wata ƙanwar mahaifinmu ta faɗa, ni ma na gurɗe ƙafa a can. Ya kuma sa kafinta ya ƙera masa kwalin ashana mai girman bulo, wai in ta riƙe shi hannunta zai fito ƙarami.

Ita kuwa yarinyar, 'yan unguwa suka sa mata 'Yar Aike. A makaranta har malamai sukan tare ta su ce, "Ina ashanar?" Ba ta taɓa yi wa ubanta musu ba. Takan zo awo ta ɗaga hannuwa ta zuba wa silin ido, ni kuma in ji kunya ta kama ni kamar ni na aike ta. A haka ta gama karatun jinya, aka ba ta aiki a wani asibiti mai nisa.

Wata ranar Laraba ƙanwata ta shigo shagona, ta ture tarin yadi ta zauna.

"Yaya, na sayi fenti."

"Wane launi?"

"Ban duba ba. Na ce a ba ni bokiti biyu."

Na tsayar da keke.

"Mai fenti zai zo ran Asabar da hantsi," in ji ta. "Yarinyar kuma Lahadi za ta tafi wurin aikinta. Ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, ranar za a shafe ɗakin nan."

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa masa. Ya ce in ƙara masa shekara ɗaya." Ta gyara mayafinta. "Yaya, na haifi 'ya a gidan nan, ta yi girma ta gama, ban taɓa zama da ita a falona mun miƙe ƙafa ba. Yini ɗaya nake so kafin ta tafi. Na yi yawa?"



Da yamma shi kuma ya zo, ɗauke da buhu. Abin da ya rage na bandir ɗin ko hannun riga ba zai yi ba. Ya zazzage buhun a teburina, sai ga rigunan nan duka, tun daga ta farko, bai yar da ko ɗaya ba.

"Yaya, a haɗa su su ba da guda ɗaya."

"Wasu sun koɗe, wasu ba su koɗe ba. Za ta fito kamar bargon mahaukaci."

"Daga wuya zuwa ƙirji kawai za a gani. Sauran yana cikin rami."

Na so in wanke shi tas, na tara maganganu na shekara da shekaru. Amma na ga yana shafa ƙaramar rigar da hannunsa, sai na haɗiye, na ɗauko reza na fara farke ɗinki.

Ran Asabar aka wayi gari da abin da ba a saba gani ba: ga rana tarwai, ga wuta. Mai fenti, wani dattijo mai haƙuri, ya zo da wuri ya zauna a kan bokitinsa a baranda. 'Yar Aike ta sa rigar haɗe-haɗe, uwar ta kama mata gashi gida biyu irin na yara, aka ɗauke katako ta sauka cikin rami. Ya kai mata har ƙugu. Aka miƙa mata kwalin kafinta ta rungume da hannu biyu. Ma'aikaciyar jinya ce fa, gobe za ta fara yi wa mutane allura.

"Uwata, ki ɗan siranta murya," in ji Darakta.

"To, Baba."

Saura matsala ɗaya. An daina sayar da irin kaset ɗin kyamarar, kuma wanda ke ciki shi ne na ranar farko, da ɗan guntun wuri a ƙarshensa. Ɗauka ɗaya za ta shiga, ba ta biyu. Don kada ya hau kan abin da ya riga ya ɗauka, dole ya mayar da kaset baya ya ga inda ya tsaya, kuma ɗan gilashin kyamarar ya mutu, sai da ya jona ta da talabijin. Shi kuwa ba ya nuna wa kowa fim ɗin da bai gama ba. Ko matarsa ba ta taɓa gani ba.

Talabijin ya yi dishi-dishi, sai ga Inna.

Ga ta nan a kujerar da ke gabanmu, rana a kafaɗarta. Ashe da yarinyar ta fita bai kashe kyamara ba, ya bar ta tana jiran dawowa. Inna ta kalli ƙofa. Ta sosa ƙafa. Ta ce, "Kai, wannan wace irin sana'a ce, a zaunar da babba yana kallon ƙofa?" Aka ji muryarsa daga baya yana cewa ta yi haƙuri. Ta ce, "Ka ci abinci kuwa? Dube ka kamar sandar rake." Ta kurɓi abin da ke kofin, ta yi gyangyaɗi, ta farka ta ce ba barci take ba. Ƙanwata ta toshe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba.

Can sai aka ji motsin ƙofa. Fuskar tsohuwar ta washe gaba ɗaya, ta miƙa hannu.

"Takwara, kin daɗe. Ina kika tsaya?"

Sai kan akuyar maƙwabta ya leƙo ta gefen hoto, aka ji Darakta ya ce "Kat," hoton ya ɗauke.

"Wannan ɓatacce ne," in ji shi, yana ƙoƙarin gyara waya ba tare da ya kalli kowa ba. "Yanke shi za a yi. Maganar da ke rubuce ita ce 'Har kin dawo?' kuma ina da ita a baya."

"Baba, mayar min in sake gani," in ji 'Yar Aike daga cikin rami.

"Rana za ta wuce."

"Mayar min."

Ban taɓa jin ta ba shi umarni ba, shi ma ina jin bai taɓa ji ba, don kuwa ya mayar. Inna ta sake miƙa hannu, ta sake cewa an daɗe. Yarinyar ta ajiye kwalin kafinta a bakin ramin, ta dafa siminti ta fito. Ta kwance gashinta. A tsaye ta kusa kamo shi tsawo, rigar nan kuma ta bayyana duka, kore kala-kala tun daga wuya har idon sawu.

"Ina ashanar gaske?"

"Uwata, ba zai yiwu ba. Mai kallo zai ga yarinya ta fita, budurwa ta shigo."

"To ai abin da ya faru ke nan, Baba. Kaka ma ta ce na daɗe."

"Kwantiniti…"

"Ni ce dai. Rigar ce dai. Ɗakin ne dai, ka tabbatar da wannan. Me ya rage?"

Mai fenti ya leƙo ta taga ya ce shi dai ba ya son shiga maganar gida, amma ya riga ya buɗe bokiti.

Darakta ya tsaya yana kallon hasken da ke kan kujerar, ya fara zamewa daga kafaɗa zuwa hannu. Sannan ya sunkuya ya jawo katako da kansa ya rufe ramin. Ya buɗe durowa ya ciro ɗan kwalin ashana naɗe a leda, wanda ta sayo ranar motar sabulu, ya sa mata a tafin hannu. Ya ɗaga ƙafafun kyamara sama. Ta fita ta ja ƙofa.

"Akshan," in ji shi.

Ƙofa ta buɗe. Ta shigo, katako ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarta. Ta dubi kujerar da ba kowa a kai, ta yi murmushi irin na wanda ya san za a yi masa faɗa, ta ƙarasa ta durƙusa.

"Yi haƙuri, Kaka," in ji ta da muryarta ta yau. "Layi na tarar."

Ta ɗora ashanar a hannun kujera, ta kifa goshinta kusa da ita. Ni da na zo da niyyar in ga ƙarshen hauka, sai ga ni ina share ido da tef ɗin awo. Kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas, ya tsaya. Darakta bai ɗago daga kyamarar ba, kafaɗunsa kawai ke motsi. Muka yi ta jira. Ƙanwata ce ta matsa kusa da shi ta dafa bayansa.

"Kat," in ji ta.

Fim ɗin ya fito daga baya, ya sa shi a intanet inda kowa ke sa nasa. Bai sa an san da shi ba. Waɗanda suka kalla ba su cika motar haya biyu ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya rubuta a ƙasa cewa labarin ya yi kyau amma a canza tela. Darakta ya koma ɗaukar biki da tallar maganin basir, har ya fara zancen wani sabon fim, na kuma gaya masa wannan karon ko maɓalli ba zan ɗinka ba.

A ranar dai, shi da hannunsa ya sauke agogo, ya cire kalanda, ya kwance labule, ƙura ta sa mu tari. Mai fenti ya tsoma burushi ya ja layin farko a bango, ya ja baya ya duba, ya sake matsowa. Fentin da ƙanwata ta saya ba ta duba ba, launin da ke bangon ne sak. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar falon ta zauna ta miƙe ƙafa, ta jawo 'yarta ta zaunar kusa da ita, ta ce wa mijinta shi ma ya zauna ya daina tsaya wa mutane a kai.

Mai fenti ya gama bango ɗaya ya iso wajen taga. Ya ajiye burushi, ya kama hannun kujerar Inna zai ja ta gefe, kwalin ashana da kofin suna nan inda suke.

"Malam," in ji ƙanwata daga kan tabarma, "zagaya ta bayanta. Wannan kar a taɓa."